Me ya hana Kanada da su Jamaika shiga yaƙin 'yancin Amurka?

Ɗan Pantami:
Salam jama'a. Ina koyar da tarihi a wata sakandare nan Gombe, yau muna kan yankuna 13 da suka ɓalle daga Ingila a 1776 sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce Malam to maƙwabtansu fa, ai sarki ɗaya ne a kansu, me ya sa ba su bi ba? Tun azahar abin ke min yawo a kai. Don Allah masu sani a taimaka, na yi mata alkawarin amsa ran Litinin.

Baban Ummi, Bauchi:
Wa'alaikumussalam Malam. Na yankin Kwibek da ke Kanada dai addini ne gaba. Faransawa ne 'yan Katolika, Ingila ta karɓe su a 1763, sai a 1774 ta yi doka ta bar musu cocinsu da dokokinsu na gado da filaye. Su kuwa masu tawayen yawancinsu Furotesta ne, har ƙorafi suka yi ta yi kan wannan dokar, to ka kushe addinin mutum jiya, yau ka ce ya ɗau bindiga ya bi ka? Da ƙarfi ma sun gwada, Janar Montgomery na masu tawayen ya ci birnin Montreal amma ranar 31 ga Disamba 1775 aka kashe shi a bakin birnin Kwibek ana zubar dusar ƙanƙara.

Maman Hanif:
Baban Ummi ka bar wanda ya fi taɓa ni. Jamaika da Barbados rake ne arzikinsu, Ingila ce kasuwar sukarinsu, kuma bayi baƙar fata sun ninka Turawan wurin nesa ba kusa ba. A 1760 bayi sun tayar a Jamaika, masu gonakin ba su manta ba, in sojan sarki ya tafi wa zai tsare su? Ni ban kiran wannan biyayya, tsoro ne da aljihu.

Ɗan Jekadafari:
Haka ne Hajiya. Mutanen Nova Scotia da ke gabashin Kanada ma da yawansu 'yan'uwan masu tawayen ne, amma jiragen yaƙin Ingila na jibge a babban birninsu Halifax, ƙauyuka a warwatse, ga 'yan fashin teku daga Amurka na wawushe garuruwansu na gaɓa.

Ɗan Pantami:
Allah ya saka da alheri. Da maganar Hajiya zan fara, don na san yaran za su tambayi makomar bayin.