Lilak ɗina ya ƙi yin fure shekara 4, ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 4 ke nan da na dasa lilak, wata 'yar bishiya mai fure, a gefen gida, saboda ƙamshinsa da na taɓa shaƙa a wani lambu, har yau bai bar hancina ba. Ganye kam ga shi nan kore shar, tsayinsa ya kai kafaɗata, amma ko fure ɗaya ban gani ba. Ina ba shi ruwa, ina zuba taki, kuma duk ƙarshen hunturu nakan datse rassan don ya yi kyan gani. Sanyi na sauka sosai inda nake, har da dusar ƙanƙara. A ina nake kuskure? In Allah Ya sa ya yi, yaya zan riƙa gane lokacin furensa?

Wata uwa a zauren:
Wa alaikumus salam 'yata. Ai ke da hannunki kike yanke furen! Lilak yana ƙulla tohon furen baɗi ne jim kaɗan bayan na bana ya bushe, ya kwana da shi duk tsawon sanyi. Datsewar da kike yi a ƙarshen hunturu tana tafiya da tohon gaba ɗaya. Ajiye almakashin nan bana, kada ki taɓa shi. Ranar da ya yi fure ya gama, a makonnin nan ne kaɗai ake gyara shi. Sanyin wajenku kuwa alheri ne, don asalinsa tsaunukan yankin Balkan ne, a kudu maso gabashin Turai, ba ya fure da kyau inda babu hunturu mai ƙarfi.

Wani ɗan'uwa:
Gaskiyar Mama ce. Ki duba takin ma, in sinadarin naitirojin ya yi yawa a cikinsa ganye zai yi ta bunƙasa, fure shiru. Yana kuma son rana ta awa 6 aƙalla a yini.

Mai tambaya:
Wayyo, ashe ni ce! Rana kam yana samu. Na gode Mama.

Wani malami:
Batun lokacin fure, 'yar'uwa, nemi ɗan littafi ki riƙa rubuta rana huɗu: ranar da ganyen farko ya fito, ranar da furen farko ya buɗe, ranar da ya cika maƙil, da ranar da ya bushe. Ki riƙa leƙa shi kullum in lokacin ya matso, don furen bai cika wuce mako biyu ba. Wannan aikin ba ƙarami ba ne. A Amurka wani masani, Joseph Caprio, ya fara tattara irin wannan bayani daga masu sa-kai a 1956, saboda lilak yana bin ɗumin yanayi ne: shekarar da ɗumi ya zo da wuri, shi ma da wuri yake buɗewa. In kin haɗa shekara uku ko huɗu, ke da kanki za ki san makon da za ki fara barin taga a buɗe.