A wane shafi kuka ajiye littafin, me kuma ya faru a wurin?

Maman Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ya same ni daren shekaranjiya, har yanzu yana cin raina, shi ya sa na kawo shi mu tattauna.

Kwana tara na yi ina karanta wani littafi mai shafi 340. Labarin wata yarinya ce da mahaifinta ya rasu ya bar musu bashi, ita ce babba, ga ƙanne uku. Na bi ta tana faɗi-tashi. Ta bar makaranta, ta sayar da keken ɗinkin mahaifiyarta, ta ɓoye wa ƙannenta cewa an ba su wa'adin barin gida. Akwai wurin da ta tsaya a ƙofar mai bin su bashi, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta fasa, har sau uku. A nan sai da na kife littafin a cinya na share hawaye.

Ina zuwa shafi na 290, sai ga wani kawu da ko sau ɗaya ba a taɓa ambatonsa ba, wai ya dawo daga ƙasar waje da dukiya. A shafi ɗaya ya biya bashin, ya mayar da ita makaranta, ya saya musu gida. Gwiwata ta yi sanyi. Na rufe, saura shafi 50, ban sake buɗewa ba.

Wallahi na fi kowa son yarinyar nan ta samu sauƙi. Amma ji na yi kamar an ƙwace mata wahalarta an zubar. To me ya sa aka sa ni na yi kwana tara ina jin tsoro dominta?

Ku ba ni naku labarin. Wane littafi kuka ajiye a tsakiya, a ina, me ya faru a shafin? Don Allah kada a faɗi sunan littafi ko na marubuci.

Ummu Nabila:
Wa alaikumus salam Maman Walid. Ke ma kin yi ƙoƙari da kika kai 290. Ni a shafi na 30 na ajiye nawa. Shafi talatin ɗin nan kaf bayanin tauraruwar ne: gashinta, idanunta, muryarta, haƙurinta, ita ce ta ɗaya a aji, kowa na sonta, wanda duk ba ya sonta to mugu ne. Na yi ta jira ta yi kuskure ko da ɗaya ne, ko ta so wani abu da bai kamata ta so ba. Shiru. Mutumin da ba ya kuskure, me zan ji masa tsoro?

Wanda na kasa ajiyewa kuwa, tauraruwarsa ƙarya ta yi wa yayarta tun a babi na biyu, ƙaramar ƙarya a kan wata wasiƙa da ta karɓa ta ce ba ta gani ba. Haushinta na ji sosai, na ce wannan wace irin yarinya ce. Amma har asuba ina tare da ita, saboda na san ranar tonon asiri na nan tafe, ina fargabar zuwanta kamar ni na ɓoye wasiƙar.

Malam Mai Alli:
Maman Walid, abin da ya ɓata miki rai tsohon ciwo ne a harkar labari. A wasannin kwaikwayon Girkawan da, idan rikici ya cukurkuɗe, akan sauko da ɗan wasa daga sama da wata na'ura mai ɗagawa, a matsayin ɗaya daga gumakansu, ya raba gardama a tashi. Tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Aristotil, masanin falsafa na Girka, ya soki wannan dabara, ya ce warwarar ƙulli daga cikin labarin kansa ya kamata ta fito. Kawun nan naki daga sama aka sauko da shi.

Ni ajiyewar da ba na mantawa a gaban ɗalibai na yi ta. Adabi nake koyarwa, kuma duk ƙarshen mako nakan ware minti ashirin in karanta musu labari da baki. Yara 'yan shekara sha huɗu, sha biyar ba su iya kara ba, a fuskarsu za ka ga hukunci. Wata rana na ɗauko littafin da ni kaina nake yaba Hausarsa. Shafi uku marubucin ya yi yana zayyana gidan attajiri, ƙofa, labule, fitilu, kujeru. Ban kai ƙarshen shafi na biyu ba na ji ana jan benci, wani yana wasa da murfin biro, na baya sun kwantar da kai. Na rufe na ce sai wani satin.

Da satin ya zagayo na zo da wani gajeren labari, Hausarsa ma ba ta kai ta wancan ba. Yaro ne ya faɗi jarrabawa, ya tura takardar sakamakon ƙarƙashin katifa. Da dare mahaifinsa ya shigo ɗakin, ya zauna a kan katifar nan daidai wurin, ya ce masa: "Har yanzu ba a ba ku sakamako ba?" Ajin ya yi tsit, ko tari ba ka ji. Aka buga ƙararrawa, ba wanda ya motsa. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam don Allah ƙarasa." Shekara goma sha bakwai ina koyarwa, abin da na gani ke nan kullum: a ba su mutum ɗaya, da abin da yake so ko yake tsoro, da abin da ya tare masa hanya, za su bi ka duk inda ka nufa.

Anti Nas:
Ni aikin jinya nake yi, to abin da ke fitar da ni daga labari daban ne. Na ajiye wani a wurin da tauraron ya yi wata takwas a sume, ranar da ya farfaɗo ya fizge robobin jikinsa, ya miƙe, ya sauka daga bene da gudu ya tari mota. Wanda ya taɓa jinyar mai doguwar suma ya san tsokar jiki narkewa take yi in an daɗe a kwance. Zama a bakin gado ma sai an tallafe shi, jiri na ɗibarsa, maganar tafiya kuwa sai an yi makonni ko watanni ana gashin ƙashi. Haka nan a wani littafin, layin bugun zuciya ya miƙe sambal a allo, wai sai aka ɗana masa na'urar girgiza zuciya ya tashi. Ba a girgiza miƙaƙƙen layi. Danna ƙirji ake yi, ana ba da magani.

Abin da ya fi ba ni takaici, gaskiyar ta fi abin da suka rubuta taɓa zuciya. Na ga magidanci yana kuka ranar da ya iya riƙe kofi da hannunsa bayan wata biyu. Da wannan aka rubuta, ai da na karanta har ƙarshe.

Kuma ku sani ina karanta labaran aljanu da dawakai masu fukafukai, ba sa damuna ko kaɗan.

Malam Mai Alli:
Anti, wannan ma Aristotil ya taɓo shi. A ganinsa gara abin da ba zai yiwu ba amma an tsara shi yadda hankali zai karɓa, da abin da zai yiwu amma an kawo shi yadda ba mai yarda. Doki mai fukafukai an gaya miki dokarsa tun shafin farko, kin amince. Asibiti kuwa dokarsa a hannunki take.

Hajiya Babba:
Maman Walid, 'yata, ni ban goyi bayanki duka ba. Na haura sittin, kuma sau biyu a rayuwata sauƙi ya zo mini ta inda ban taɓa zato ba, ta hannun mutumin da na manta da shi a duniya. In marubuci ya rubuta haka, ƙarya ya yi? Allah Yana kawo mafita yadda Ya so. Mu da muke karatu bayan mun gaji da ɗawainiyar yini, wani lokaci abin da muke nema ke nan, a nuna mana cewa wuya ba ta dawwama.

Ni abin da ke sa ni ajiye littafi shi ne in ga marubuci yana jin daɗin azabtar da mutanensa. Na bar wani a tsakiya saboda kowane babi sai an kashe wani ko an wulaƙanta wata, ba dalili, ba numfashi. Na ce wannan ba ya tausayin waɗanda ya ƙirƙira, ni ma ba zai tausaya mini ba.

Maman Walid:
Hajiya, na gode, kuma maganarki gaskiya ce, na kwana ina juya ta. Ga inda na tsaya. Mutumin da ya taimake ki, kin manta da shi ne, amma yana nan a rayuwarki tun da can, akwai wata rana da hanyarku ta haɗu. Da a shafi na 20 an nuna mini uwar tana share hoton wani ƙaninta da suka yi faɗa ya tafi, ko a shafi na 100 yarinyar ta rubuta masa wasiƙa tana jin nauyi, ta aika ba ta sa ran amsa, to da ranar da ya sallama sai na fi kowa murna. Zuwansa zai zama amsar abin da ita ta yi da hannunta, ta haɗiye girman kanta ta yi shi.

Malam Mai Alli:
Akwai shawarar da Cekof, marubucin Rasha da ya rasu a 1904, ya sha bai wa matasan marubuta: in ka rataye bindiga a bango a farkon labari, dole a harba ta daga baya. Maman Walid ta juyo da maganar ne ta ɗaya gefen: in za ka harba a ƙarshe, rataye ta tun farko mu gani.

Ɗan Auta:
Ni a waya nake yawan karatu, irin labaran da ake saki kashi-kashi. Na bi wani har kashi na 74. Tun kashi na 12 miji ya ga wani saƙo a wayar matarsa ya fahimce shi a baibai. Kalma ɗaya za ta warware komai, amma duk lokacin da ta buɗe baki sai waya ta yi ƙara, ko baƙo ya yi sallama, ko ya fice. Sau nawa za a yi mini haka? Na gane ja ake yi kawai don kada labarin ya ƙare. Da a ce tana da dalilin yin shiru, misali faɗin gaskiyar zai tona asirin ƙanwarta, da na jure har kashi ɗari biyu.

Wani abu kuma, ni nakan leƙa ƙarshen littafi kafin in fara, yayyena suna ta yi mini faɗa. Amma a 2011 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego sun ba mutane gajerun labarai 12, wasu an gaya musu ƙarshen tun kafin su fara, wasu ba a gaya musu ba. Akasari waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗin karatun. Ni ma haka nake ji. In na san inda za a, sai hankalina ya koma kan yadda aka bi aka isa. Littafin da sanin ƙarshensa ya kashe shi, dama ba shi da komai sai wannan sirrin.

Baban Zahra:
Tawa ajiyewar ba irin taku ba ce. Labarin wani tsoho ne da jikansa. Tsohon ya fara mantuwa, kullum da safe sai ya tambayi yaron ina kakarsa, alhali ta shekara shida da rasuwa. Da farko yaron yana faɗa masa gaskiya, tsohon ya yi kuka sabo fil kamar yau aka yi rasuwar. Rannan sai yaron ya yi shiru, can ya ce: "Ta fita, yanzu za ta dawo." Tsohon ya gyara zama yana kallon ƙofa.

A nan na rufe. Mahaifina haka ya yi shekara biyu kafin Allah Ya karɓi abinsa, kuma ni ma na faɗi wannan maganar, da bakina, ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata uku littafin yana kan teburi ina wuce shi. Na koma na ƙarasa, kuma yau in aka ce in zaɓi littafi ɗaya, shi zan ɗauka.

Na daina mamakin mutanen Ingila da suka yi ta aika wa marubuci Konan Doyil wasiƙun ɓacin rai da ya kashe Shalok Homs, tauraron labaransa na binciken laifi, a 1893, har dai ya dawo da shi da rai a 1903. Tsohon nan na littafi, har yau in na tuna shi sai in ji kamar in tambayi lafiyarsa.

Hajiya Babba:
Allah Ya jiƙan mahaifinka, Baban Zahra, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Maman Walid, ki daure ki ƙarasa shafi hamsin ɗin nan, ki zo ki gaya mana.

Maman Walid:
Amin Hajiya. Na bi umarninki, jiya bayan yara sun kwanta na ƙarasa. Maganar kawu tana nan yadda take, ba a gyara ta ba, shafi arba'in da wani abu duk murna ce da godiya. Amma dab da ƙarshe akwai shafi biyu. Yarinyar ta ɗauki kuɗi ta koma wurin wanda ta sayar wa keken ɗinkin, za ta fanso wa mahaifiyarta. Ya ce ai ya daɗe da sayarwa, bai ma tuna wa ya saya ba. Ta tsaya da kuɗin a hannu tana kallon wurin da keken ya taɓa zama, sawun ƙafafunsa huɗu na nan a ƙasa. Ta dawo gida, uwar ta dubi hannunta, ba ta tambaye ta komai ba, ta matsa mata wuri ta zauna.

Sau uku na karanta shafukan nan biyu kafin in kashe fitila.