Tabarau na aikin kwamfuta: abin da masana ido suka tsayar

Shawarar farko da aka yi ittifaƙi a kai ita ce a auna tazara kafin a je wurin likitan ido. Zauna yadda ka saba, a auna daga idonka zuwa fuskar kwamfuta. Yawanci santimita 50 zuwa 70 ne. Tabarau na karatu kuwa don kusan santimita 40 ake yanka shi, shi ya sa mai sa shi yake ta miƙa wuya gaba har kafaɗa ta riƙe. Na kwamfuta ƙarfinsa bai kai na karatu ba. Tabarau mai hawa biyu, wato wanda samansa na ganin nesa ne ƙasansa na karatu, shi ma yana da matsala: sai an ɗaga haɓa kafin a ga rubutu ta ƙasan gilashin, wuya ya sha wahala.

A nemi tabarau da aka yi wa gilashinsa shafin da ke hana ƙyalli. Shafin da ke tace shuɗin haske kuwa, bincike bai tabbatar yana rage gajiyar ido ba, kada a biya kuɗi mai yawa dominsa.

Raɗaɗi da bushewar ido galibi daga ƙarancin ƙiftawa ne, balle da hunturu ko ƙarƙashin fanka. Duk minti 20 a dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20. Kada a tuƙa mota da tabarau na kwamfuta, nesa dishi-dishi take fitowa.