Neman kalmar Hausa: me za mu kira "reformage des douilles"?

Jama'a, ku taimaka mini. Ina fassara wani rubutu na Faransanci kan bindigogin da sojojin mulkin mallaka suka riƙe a ƙasar nan tamu Nijar, sai na yi karo da wannan magana ta "reformage des douilles", wato canza wa kwanson harsashi siffa, ta tsaya mini a wuya tun shekaranjiya. Ba koyar da aikin nake ba, makami da harsashi sai da izinin hukuma. Sunan abin kawai nake nema.

"Douille" ba ta da rigima, kwanso ne. Kwanson harsashi, kamar kwanson gyaɗa, abin da ke saura bayan cikin ya tafi. "Rechargement" ma na samu tun daga bakin maharba: ɗuri. Mai adaka ɗura ta yake yi da albarushi, to wanda ya mayar wa tsohon kwanso albarushi da dalma a gidansa ɗurin hannu ya yi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wannan. Akwai bindigar da harsashinta ya yi wuya ko aka daina yinsa. Masu tara tsofaffin bindigogi a Amurka da Turai sai su nemi kwanson wani harsashi da gindinsa ya kusa zuwa ɗaya, su matsa shi cikin wani ƙarfe mai rami har ya ɗauki siffar wanda suke nema. Kwanso yana da wuya, da kafaɗa, da gindi, kamar kwalba. Wani a tsuke masa wuya, wani a buɗa, wani a tura kafaɗar baya a datse tsawon. Misali harsashin 7.5×54 na Faransa, na 1929, wanda bindigar MAS 36 ke ci: lokacin da ya yi ƙaranci a Amurka, daga kwanson 6.5×55 na Suwidin mutane suka riƙa fitar da shi. Kuma ba dabarar ƴan gida kaɗai ba ce. Harsashin bindigar Lebel ta Faransa na 1886, na farko da wata rundunar soja ta ɗauka mai albarushi marar hayaƙi, siffarsa daga kwanson harsashin bindigar Gras na 1874 aka samo ta, aka tsuke wuyan daga milimita 11 zuwa 8.

Tun da na fara wannan tambaya na ga amsoshinku, na gode. Mafi yawa sun ce "gyaran kwanso". Ban karɓa ba. Abin da ya lalace ake gyarawa, wannan kuwa lafiyarsa ƙalau, sau da yawa ma sabo ne fil. "Rage wuya" ta tela ce, kuma ta kama rabin aikin kawai, tunda wani buɗawa ake yi. Wani malami daga Yamai ya kawo "sauya siffa". Daidai ce, Malam, amma ta takarda ce, ban ji maharbi zai faɗe ta a bakin kasuwa ba. "Juyin kwanso" kuwa, ku yi haƙuri, kalmar juyi ta gaji a ƙasar nan, a bar ta ta huta.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce "sake ƙira", don ni ma ita na fara rubutawa. Jiya da la'asar na kai ta wurin wani tsohon maƙeri a nan Tawa, abokin mahaifina. Na ce, Baba, in an matsa tagulla ta canza siffa ba a narka ta ba, ƙira ce? Ya ce a'a ɗana, ƙira sai da uwar maƙera da masaba, in kuwa an narka, zubi ne. Sai ya ƙara abin da ya zo daidai da rubutun da nake fassarawa: tagulla in ta sha matsa taurara take yi har ta tsage, sai an nuna mata wuta ta yi laushi. Kwanso gaurayen jan ƙarfe ne kashi 70 da tutiya kashi 30, kuma a wuya yake tsagewa, shi ya sa wuyan da kafaɗar kawai ake gasawa. Gindi ba a taɓa shi, don shi ke riƙe ƙarfin fashewar. Wannan gashin Faransawa ke kira "recuit", kuma "gashin wuya" ya ishe ni.

Muna cikin haka wani dattijo da ke zaune gefe, tsohon maharbi, ya ce mi kuke wahala, ai rikiɗa ce. Duk muka yi dariya, amma na kwana da ita. A labaran maharba, naman dawa kan rikiɗa ya shigo gari da siffar mutum, jikin nasa ne, kamar ce ta wani, kuma mai ido yakan gane shi da wata alama da ta ƙi ɓoyuwa. Kwanso haka yake. A gindinsa akwai hatimin masana'anta mai faɗin ko na wane harsashi ne, kuma matsa ba ta goge shi. Sai ka ga rubutu yana cewa abu kaza, siffa tana cewa wani. Wanda ya yarda da rubutun ya sa shi a bindigar da ba tasa ba, yana iya rasa ido ko hannu. Cikin duk kalmomin da aka kawo, rikiɗa ce kaɗai ke ɗauke da wannan kashedi.

Malamin Yamai ya ja ni cewa rikiɗa abu ne ke yi da kansa, kwanso kuwa sa shi ake yi. Gaskiyarka, Malam, amma Hausa ta tanadi hanya: an rikiɗar da shi. Don haka a fassarar zan rubuta rikiɗar kwanso ga aikin, rikiɗaɗɗen kwanso ga abin da ya fito, na asalin kuma uwar kwanso, kamar yadda muke cewa uwar kuɗi. Ƴan Maradi da Damagaram, in akwai yadda maharbanku ke faɗi, ku ajiye mini kafin Juma'a, ranar zan miƙa aikin.