Wasan da aka saya a Steam, na wanda ya biya ne? Kuma zai tashi a Linux?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Laftof ce mai Core i5 zubi na 7, RAM giga 8, katin hoto GTX 1050. Microsoft ta janye tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ta ƙi hawa kan laftof ɗin, shi ya sa ake son mayar da ita Linux Mint (wani nau'in Linux mai maye gurbin Windows). Wasannin da ke cikin asusun Steam (shagon wasanni na intanet na kamfanin Valve) za su yi aiki ko sai an sake saye? Kuma da gaske ne kamfani zai iya ƙwace wasan da mutum ya biya kuɗinsa? Sabon wasa yanzu dala 70 ne, idan aka juya shi zuwa naira ba ƙaramin kuɗi ba ne, ba a so a zuba a rijiya.

Injiniya Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malam. Ba sai ka sake saye ba. Asusun ɗaya ne, duk abin da ke ciki zai bayyana da zarar ka shiga. Abin da ke ɗaukar wasan Windows ya tafiyar da shi a Linux shi ne Proton, wanda Valve ta fitar a 2018 bisa ginin Wine, manhajar da ke tafiyar da manhajojin Windows a Linux. A cikinsa akwai DXVK mai juya DirectX 9 zuwa 11 (harshen zana hoto na Windows) ya koma Vulkan (wanda Linux ke ji), da VKD3D-Proton mai yin wannan aikin ga DirectX 12. Wato komai ya rataya ne a kan direban katin hotonka, don haka daga nan za ka fara.

Bayan ka girka Mint, buɗe Driver Manager ka zaɓi direban Nvidia na kamfanin, kada ka bar ta a kan nouveau, direban sa-kai da ke zuwa da Linux. Ka lura da abu biyu game da GTX 1050. Sabon buɗaɗɗen direban Nvidia ba ya ɗaukar ta, sai daga jerin GTX 16 da RTX 20 zuwa sama, saboda haka wanda aka rubuta "open" a ƙarshen sunansa ba naka ba ne. Sannan jerin 580 shi ne na ƙarshe da zai riƙe katinan wannan zubin. Idan Secure Boot (tsaron da ke tantance manhaja lokacin kunna na'ura) a kunne yake, za a nemi ka sa kalmar sirri, sai a tambaye ka ita a wani shuɗin allo bayan ka sake kunna na'urar. Mutane da yawa suna tsallake allon nan, direban ya ƙi hawa, su ga wasa yana jan ƙafa su ce Linux ce ba ta iya ba. Rubuta nvidia-smi a Terminal, tagar rubuta umarni. In ya nuna sunan katin da zafinsa, ka haye.

Steam ɗin kuma ka ɗauko shi daga Software Manager ko fayil ɗin .deb na Valve. A saitinsa, sashen Compatibility, nan ake zaɓen Proton.

Laftof irin taka kati biyu gare ta, na Intel da na Nvidia. Idan wasa ya tashi a kan na Intel, zai yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Hanya mafi sauƙi a Mint ita ce alamar Nvidia da ke ƙasan allo: ka mayar da ita yanayin Performance, ka fita daga asusunka na kwamfutar ka dawo. Batir zai sha wuya, amma dama wasa a kan caji ake yin sa.

Babban tarkon da nake so ka kauce masa shi ne ajiye wasanni a ɓangaren faifai mai tsarin NTFS da Windows ta bari. Proton yana ƙirƙirar wa kowane wasa wata 'yar ƙaramar Windows ta ƙarya a foldar steamapps/compatdata, a ciki kuma akwai mahaɗan fayil masu suna irin c: da z:, waɗanda NTFS ba ta jituwa da su. Alamar matsalar ita ce ka danna Play, maɓallin ya canza launi na daƙiƙa biyu ko uku, ya dawo yadda yake, ba saƙon komai. Ka tsara wurin wasanni da ext4, tsarin faifai na Linux, ka huta.

Kada ka yi tsammanin abin mamaki daga wasannin DirectX 12 a kan wannan katin, sun fi wahalar da shi a Linux fiye da a Windows. Na DirectX 11 zuwa ƙasa su ne abincinsa.

Maman Hanifa

Ɗan Fagge, tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, kuma amsarta eh. Abin da kake biya a Steam lasisin amfani ne, ba mallakar wasan ba. Tun Oktoban 2024 Steam ma da kansa yake rubuta haka a shafin biyan kuɗi, bayan jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana shagunan intanet cewa "saya" ba tare da sun bayyana wa mai saye cewa lasisi yake karɓa ba. Asusun kansa ba a yarda ka sayar ko ka mallaka wa wani ba, har gado bai shiga ciki ba bisa ƙa'idarsu. Wannan abu yana ci mini rai, domin kaset ko faifan PlayStation 2 da aka saya shekara ashirin baya har yau ana iya ba ƙani ko a kai kasuwa.

Amma a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Idan an cire wasa daga shago, galibi wanda ya riga ya saya yana ci gaba da sauke shi. Wanda ke mutuwa murus shi ne wasan da ba ya tashi sai da sabar kamfani. Misalin da kowa ke kawowa shi ne The Crew na Ubisoft: ya fito a 2014, aka daina sayar da shi a Disamban 2023, aka kashe sabobinsa ƙarshen Maris na 2024, har ɓangaren da mutum ke bugawa shi kaɗai ya tafi. Daga nan ne gangamin Stop Killing Games ya taso, wanda ya tara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai cikin 2025.

Wanda yake son abin da zai riƙe a hannunsa, ya duba shagon wasanni na GOG. Wasanninsu ba su da makullin hana kwafi da ake kira DRM, kuma a shafin asusunka akwai fayilolin girkawa da ba sa buƙatar intanet: guda ɗaya .exe, sauran .bin, kowanne bai kai giga 4 ba. Ka sauke su duka, ka ajiye a folda ɗaya ba tare da canza sunayensu ba, ka kwafa a faifan waje. In ɗaya ya ɓata ko ya sauka rabi, girkawar za ta tsaya a tsakiya. A Linux, manhajojin Lutris ko Bottles za su buɗe maka .exe ɗin, manhajar Heroic kuma ita ce mai sauƙi idan kai tsaye kake so daga asusun GOG ko na shagon Epic. A takarda shi ma lasisi ne, sai dai babu mai shiga faifanka ya goge.

Kan farashi, dala 70 kuɗin mai gaggawa ne. A 2020 aka fara tashi daga 60 zuwa 70, a 2025 Nintendo ta kai Mario Kart World dala 80. Steam yana babban rangwame ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma shafin SteamDB zai nuna maka mafi ƙarancin farashin da wasa ya taɓa sauka. Epic na ba da wasa kyauta duk Alhamis. Kada ka yarda da masu cewa ka sauya ƙasa da VPN don samun araha, ya saɓa yarjejeniyar Steam, kuma asusun da ya tara duk wasanninka ne kake jefawa cikin haɗari.

Abban Sadiq

Injiniya ya yi bayani, amma ya bar abin da ya fi kayar da mutane, wato manhajar hana maguɗi. Malam Ɗan Fagge, in ƙwallo kake bugawa, ka sani tun daga FIFA 23 har jerin EA Sports FC ba sa tashi a Linux, saboda mai gadin EA yana shiga can cikin zuciyar Windows ne, wurin da Proton ba ya kaiwa. Haka Valorant da Fortnite. Apex Legends ya yi aiki shekaru, aka rufe ƙofar a ƙarshen 2024. GTA V kana iya buga labarinsa, amma GTA Online ya daina tun da aka sa masa manhajar hana maguɗi ta BattlEye a Satumban 2024. Ba wani saiti da zai gyara wannan, shawarar kamfanin ce. In waɗannan ne wasanninka, ka bar Windows a wani ɓangaren faifai.

Kafin ka biya ko sisi, nemi sunan wasan a ProtonDB, shafin da 'yan wasa ke ba da rahoton yadda wasanni ke aiki a Linux, ka karanta rahotannin watannin nan, musamman na masu katin Nvidia, ba tambarin Gold ko Platinum kawai ba. In ka saya, ka gwada nan take: Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 ba kuma ba ka buga awa 2 ba. Lokacin da ka ɓata kana gwada saiti da wasan a buɗe yana cikin lissafin.

Idan wasan yana da makullin hana kwafi na Denuvo, kada ka yi ta sauya Proton. Duk sauyi yana iya ɗaukarsa a matsayin sabuwar kwamfuta, kuma sau 5 kawai yake bari cikin awa 24, daga nan ya kulle ka sai gobe.

Batun data kuma, kafin ka goge Windows, kwafe foldar steamapps/common tare da fayilolin appmanifest masu ƙarewa da .acf. Ka zuba su a sabon wurin, Steam zai tantance su ya sauke ɗan abin da ya rage. Sannan a saitin Downloads ka kashe Shader Pre-Caching (sauke fayilolin zana hoto tun kafin a fara wasa) in datarka ta awo ce. Wasa zai ɗan yi tuntuɓe a mintunan farko, daga baya ya daidaita.

Injiniya Sabon Gari

Gaskiyarka Abban Sadiq. Ƙari ɗaya: ba kowane wasa ne ke ajiye ci gabanka a Steam Cloud ba. Wanda ba ya yi, ajiyarsa tana cikin compatdata, ƙarƙashin lambar wasan, sai pfx/drive_c/users/steamuser, kuma tana iya tafiya idan ka cire wasan. Ka kwafe ta tukuna. In wasa ya ƙi tashi, sa PROTON_LOG=1 %command% a Launch Options, ka sake gwadawa. Fayil mai suna steam- da lambar wasan zai fito a babbar foldarka ta Home. Turo layukan ƙarshensa nan mu duba tare.