'Yata ta gama JS3: kwana ko zaman gida?

Maman Ihsan: Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yata shekararta 14, ta gama JS3. Garinmu babu babbar sakandare ta mata sai an hau mashin, kullum dubu ɗaya zuwa da dawowa. Kuɗin makarantar kuɗi ba mu da shi. Kakarta kuma ta fara zancen wani jikan ƙaninta. Na kai ta makarantar kwana ta gwamnati? Rashin tsaro nake tsoro.

Abu Sadik: Ki sa ta a ta kuɗi kawai, dubu 45 ne zango.

Ummu Hanif: Dubu 45 a wace duniyar? Ni 110 nake biya, ban da littattafai da yunifom.

Anti Larai: Hmm. Tawa tana SS2 aka kwashe 'yan matan Jangebe a 2021, sai aka rufe makarantarsu aka ce su dawo gida na ɗan lokaci. Wata huɗu tana wanke-wanke, ƙannen babanta suka karɓi kuɗin gaisuwa ban sani ba. Akwatinta na ƙarfe har yau yana ƙarƙashin gadona, da sunanta da jan fenti. Likita take son zama. Ranar haihuwarta ta fari mijin nan ya tsaya a asibiti yana faɗa wai sai mace ce za ta duba ta. Na ce masa, macen daga sama za ta faɗo?

Malam Ɗanjuma: Allah ya ba da haƙuri Hajiya. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 shekara tara ta wajabta, wato a JS3 ta tsaya, nan ne ake zubar da yaran. Maman Ihsan ki tambaya ko makarantar na cikin shirin AGILE na Bankin Duniya, suna ba 'yan mata tallafin kuɗi.

Ummu Hanif: Malam, kai da 'ya'yanka duk maza ne?

Malam Ɗanjuma: Shekara 19 ina koyar da 'ya'yanku dai.

Na Gwaggo: Ni a ba ni tallafin, zan sa hijabi.

Anti Larai: Tallafi ba ya gina banɗaki. Ƙanwarta in tana al'ada kwana biyar ba ta zuwa, yara sun fi ɗari a aji, banɗaki ɗaya ba ƙofa.

Maman Ihsan: To kwanan fa?

Abu Sadik: Ku har kuna da banɗaki? Tamu iska ta yaye rufin tun damina biyu.