Gwiwata ta yi sanyi a kan karatun matasan layinmu

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Ɗorayi. Shekarun baya na fara tara matasan layinmu tsakanin magariba da isha'i a soron gidan marigayi mahaifinmu, ina biya musu Alƙur'ani da hukuncin tsarki da salla, saboda na ga shaye-shaye da daba suna neman cinye su. Da kuɗin ɗinkina na sayi tabarmi da fitilar sola, na kuma sake daɓen soron bayan damina ta lalata shi, alhali yayyena sun so a mai da shi shago a riƙa karɓar haya, maganar da har yau ba ta mutu ba. Da farko soron ba ya ɗaukar mu, yanzu kuwa tabarma ɗaya ta ishe mu. Yaron da na fi sa wa rai, wanda ya kai izu goma a hannuna, shekaranjiya na gan shi a bakin kwata idonsa jawur, ko gaisuwa ya kasa. Ta yaya mutum zai ci gaba da aiki domin Allah alhali ba ya ganin amfaninsa?

Malamin Islamiyya daga Gwale: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka binciki niyyarka, domin wanda ya yi don Allah ba ya ƙirga kawuna. Annabi Nuhu, alaihis salam, shekara 950 ya yi a cikin mutanensa kamar yadda ya zo a Suratul Ankabut, aya ta 14, kuma kaɗan ne suka yi imani tare da shi. A hadisin Ibn Abbas, an nuna wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, annabin da mutum ɗaya ko biyu ne tare da shi, da wanda ba kowa tare da shi. Shiriya ba a hannunka take ba, isarwa ce taka.

Wata uwa daga Fagge: Allah ya gafarta Malam, ba kowane mai gajiya ne niyyarsa ta ɓaci ba. Ni marayun ƙanin mijina na riƙe tun suna goye har na aurar da su, yau ko a salla ba sa leƙo ni, kuma dangi cewa suke yi na ci dukiyar ubansu, wanda bai bar ko akuya ba. Ɗana, ka huta, ka ba da soron haya, ka riƙa sadaka da rabonka. Lada ai ba ƙofa ɗaya gare ta ba.

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: Zaman banza ne ke mai da yaran nan bakin kwata. Tunda sana'a na hannunka, me ya hana ka ɗora su a kan keken ɗinki da rana, karatu ya biyo baya da dare?

Mai neman shawara: Malam, ban taɓa karɓar ko sisin kowa ba, don haka maganar niyya ba ta taso ba. Hajiya, soron nan a cikinsa mahaifinmu ya yi karatu, ba zan bari a sayar da lemo a ciki ba. Alhaji, shagona ɗan ƙarami ne, kuma wa zai bar yaron da ba ya cikin hayyacinsa da shaddar mutane?

Malamin Islamiyya daga Gwale: Neman godiya da son ganin sakamako ma lada ne da rai ke nema a wurin mutane, ba sai kuɗi ba, ka duba Suratul Insan, aya ta 9. Shawarar haya kuma kuskure ce. Hadisin Anas ya ce ko alƙiyama ce za ta tsaya, wanda dashen dabino ke hannunsa ya dasa shi in ya sami iko.

Wata uwa daga Fagge: Malam, kai albashi kake karɓa a ƙarshen wata, shi kuwa da allura yake ciyar da gidansa.

Ɗan kasuwa daga Kantin Kwari: Har yanzu ba ka gaya mana ko ka taɓa zama da iyayen yaran ba, ko da mai unguwa. Su ina suke?